Gaiwa da ƙasusuwan dutse: asalin ƙafafun dabbobi

1. Kifin da ke kwana cikin laka

Idan damina ta wuce, ƙananan tafkunan kudancin Damagaram sukan fara janyewa. Kafin bazara wasu sun ƙafe ƙaf. Laka ta bushe, ta tsattsage. Tarwaɗa da karfasa da suka makale a ciki, tsuntsaye da yara sun gama da su. Amma akwai kifi ɗaya da ba ya gudu, ba ya kuma mutuwa. Shi ne gaiwa.

Gaiwa doguwa ce, mai santsin jiki. Babba takan kai meta ɗaya. Idan ruwa ya fara ƙarewa, sai ta haƙa rami cikin laka, ta shige, ta naɗe jikinta. Fatarta ta fitar da yauƙi mai yawa. Yauƙin ya bushe, ya zama kamar jaka, ya rufe ta duka. Ƙofa ɗaya tak take bari daidai bakinta, ta nan iska ke shiga. Haka za ta kwanta wata da watanni, ba ci ba sha, har ruwan sama ya dawo. An taɓa ajiye wasu a ɗakin bincike fiye da shekara 3, da aka zuba musu ruwa suka farka.

Mutane sukan ce gaiwa jikinta take ci da rani. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ba cizon kanta take yi ba, amma naman jikinta ne ke narkewa sannu a hankali, da shi take rayuwa. Shi ya sa take fitowa a rame.

Abin da ya ba gaiwa wannan iko shi ne huhu. Yawancin kifaye da matatar da ke gefen kansu suke numfashi, wato jajayen zaren naman nan da ake gani idan an ɗaga marfin kunnen kifi. Gaiwa tana da matata, amma ba ta isarta. Dole ta riƙa tasowa saman ruwa tana haɗiyar iska. Idan aka danne babbar gaiwa ƙarƙashin ruwa, aka hana ta tasowa, mutuwa za ta yi.

Masana kimiyya sun daɗe suna nazarin wannan kifi. A wurinsu gaiwa tana taimakawa wajen amsa wata babbar tambaya: daga ina dabbobin tudu masu ƙashin baya suka sami huhu da ƙafafu huɗu?

2. Fiffike iri biyu

Kifayen da ke da ƙashi sun rabu gida biyu. Da fiffikensu ake gane su.

Gida na farko su ne masu fiffiken tsinke. Karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa duk a nan suke. Duk wanda ya sayi bandar kifi a Kasuwar Dole ya ga irin wannan fiffike: tsinkaye ne sirara a jere, da fata marar kauri a tsakaninsu, kamar mafici. Babu tsoka a cikinsa. Tsokar da ke motsa shi tana cikin jikin kifin.

Gida na biyu su ne masu fiffiken tsoka. Fiffikensu yana da gindi mai kauri. A cikin gindin akwai nama, akwai kuma ƙasusuwa masu gaɓoɓi. Ƙashi ɗaya tak ne yake haɗa fiffiken da kafaɗa. Gaiwa ƴar wannan gida ce, ko da yake fikafikanta huɗu sun sirance, sun zama kamar igiya. A cikin igiyar akwai ƴan guringuntsi a jere kamar carbi.

A zamanin da, masu fiffiken tsoka suna da yawa cikin teku da koguna. Yau kaɗan suka rage: gaiwa iri 4 a Afirka, iri 1 a Amurka ta Kudu, iri 1 a Ostaraliya, sai wani kifin teku mai suna selakant, iri 2.

3. Ɗaya, biyu, da yawa

Hannun mutum yana da tsari. Daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, ƙashi 1 ne. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, ƙashi 2 ne. A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa 8. Daga nan sai ƙasusuwan tafi da na yatsu 5. Ƙafa ma haka take: ƙashin cinya 1, ƙasusuwan ƙwauri 2, sannan na idon sawu, sannan yatsu.

Wanda ya ci fiffiken kaza ya lura, zai ga ƙashi 1 a gaɓar farko, ƙashi 2 a gaɓa ta biyu. Ƙafar ƙadangare haka take. Fiffiken jemage haka yake, sai dai yatsunsa sun yi tsawo ƙwarai, fata ta haɗa su. A ƙafar gaba ta akuya da ta kwaɗo, ƙasusuwan nan biyu sun manne da juna, amma ana ganin alamar biyu ne.

Aikin waɗannan gaɓoɓi ya bambanta. Wannan tashi yake yi, wancan tsalle, wancan kuma rubutu. Amma tsarin ƙashin ɗaya ne: ɗaya, biyu, da yawa. Masana suka ce, idan ƴan gida duka suna da kama ɗaya, to gadonta suka yi. Sai suka shiga neman inda tsarin ya fara. Cikin duwatsu suka same shi.

4. Yadda ƙashi ke zama dutse

Idan dabba ta mutu a fili, ungulu da kuraye da rana sukan gama da ita. Amma idan ta mutu cikin ruwa, laka ko yashi ya rufe ta da wuri, ƙashinta yakan tsira. Laka ta hau kan laka, shekaru masu yawa, har ta ƙasa ta taurare ta zama dutse. Ruwan da ke ratsa ƙasa ya shigar da ma'adinai cikin ramukan ƙashin. Ƙashin ya yi nauyi, ya zama dutse, amma siffarsa ba ta sake ba. Wannan shi ne ƙashin dutse.

Duwatsun laka a shimfiɗe suke, wani bisa wani, kamar tabarmin da aka jibga. Na ƙasa ya girmi na sama. Akwai kuma hanyar ƙidaya shekarunsu. Yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit, yana juyewa dalma sannu a hankali, da saurin da aka sani. Idan aka auna yuraniyom da dalmar da ke cikin tokar dutse mai aman wuta da ta kwanta tsakanin shimfiɗun, sai a san shekarunsu.

Shekarun suna da yawa har ba su shiga kai. Ga wani misali. A ɗauka shekara ɗaya milimeta ɗaya ce. Sarautar Damagaram ta kusa shekara 300 da kafuwa. Tsawonta ke nan santimeta 30, daidai ƴar sandar awo ta aji. Shekara miliyon ɗaya kilometa ɗaya ce. Kifayen da za a ambata yanzu sun rayu shekaru wajen miliyon 375 da suka wuce. Wato kilometa 375: mutum ya tashi daga Zinder, ya wuce Tanut, ya wuce Adarbisanat, ya doshi Agadas. Masana suna kiran wannan zamani Debon.

5. Ƙwarangwal huɗu

*Estenoteron.* An same shi a Migwasha, cikin ƙasar Kanada, aka ba shi suna a 1881. Ya rayu shekaru wajen miliyon 380 da suka wuce. Kifi ne sosai: yana da ɓawo a jiki, da matata, da fiffiken wutsiya. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Erik Jarvik, ya shafe fiye da shekara 20 yana goge kan guda ɗaya kaɗan-kaɗan, yana zana abin da ya gani. A cikin fiffiken gaba na Estenoteron akwai ƙashi 1 mai kauri haɗe da kafaɗa. Bayansa akwai ƙashi 2. Bayansu akwai ƙanana. A ƙarshe sai tsinkayen fiffike. Babu yatsu. Yana kuma da ƙofar hanci da ta ɓulla cikin baki, kamar ta dabbobin tudu.

*Tiktalik.* Masana uku na Amurka, Neil Shubin da Ted Daeschler da Farish Jenkins, sun yi lissafi. Suka ce, dabbar da ke tsakanin kifi da mai ƙafa huɗu, a duwatsun kogi masu shekaru miliyon 375 ya kamata a neme ta. Suka duba taswira, suka ga akwai irinsu a arewacin Kanada, ƙasar ƙanƙara. Tun 1999 suke zuwa suna dawowa. Sai a 2004 suka same ta a tsibirin Elesmiya, suka sanar da duniya a 2006. Dattawan Inuwit, mutanen wurin, su suka ba da sunan. Ma'anarsa babban kifin ruwan daɗi.

Tiktalik yana da ɓawo da matata da tsinkayen fiffike kamar kifi. Amma kansa a baje yake kamar na kada, idanunsa suna sama. Haƙarƙarinsa masu faɗi ne. A cikin fiffikensa akwai kafaɗa da gwiwa da gaɓa mai lanƙwasa kamar wuyan hannu. Yana iya dafa ƙasa ya ɗaga ƙirjinsa. Abu mafi muhimmanci, yana da wuya. A jikin kifi, ƙasusuwan kafaɗa a manne suke da ƙoƙon kai. Shi ya sa karfasa ba ta iya waiwaye sai ta juya jikinta duka. A jikin Tiktalik ƙasusuwan da ke haɗa su sun ɓace, kai ya sami sakewa.

*Akantostega.* Wata masaniya ƴar Ingila, Jenny Clack, ta kwaso ƙasusuwanta daga duwatsun Girinlan a 1987. Dabbar ta rayu shekaru wajen miliyon 365 da suka wuce. Tsawonta kamar santimeta 60 ne. Da aka share dutsen da ya rufe hannunta, sai aka ga yatsu. Aka ƙidaya: 8! Kafin nan kowa yana tsammani da yatsu 5 aka fara. Amma ƙafafun Akantostega ba su da ƙarfin ɗaukar jikinta a tudu. Haƙarƙarinta gajeru ne. Tana da matata, wutsiyarta kuma tana da fiffike. Dabbar ruwa ce mai yatsu.

*Iktiyostega.* Ita ma daga Girinlan take, an bayyana ta tun 1932. Ta fi Akantostega girma, ta kai meta ɗaya da rabi. Tana da yatsu 7 a ƙafar baya. Haƙarƙarinta manya ne, suna hawa kan juna. Kafaɗunta masu ƙarfi ne. Binciken da aka yi a 2012 ya nuna ba ta iya tafiya irin ta ƙadangare. Hannuwanta biyu take kafawa tare, ta ja jikinta gaba a kan laka.

Idan aka jera waɗannan ƙwarangwal huɗu, ana ganin sauyi huɗu. Tsinkayen fiffike sun ragu, yatsu sun fito. Kafaɗa ta rabu da kai, wuya ya samu. Haƙarƙari ya yi ƙarfi don ya tare nauyin jiki. Ƙashin ƙugu, wanda a jikin kifi ƙarami ne kuma a sake yake cikin nama, ya girma ya kama ƙashin baya. Sai da ya kama, ƙafafun baya suka iya tura jiki.

A 2020 an ƙara samun haske. An leƙa cikin fiffiken wani kifi na Migwasha mai suna Elpistostege da na'urar hoton ƙashi. Aka ga ƴan ƙasusuwa a jere kamar na yatsu, a ɓoye ƙarƙashin tsinkayen. Ashe yatsu sun fara tun fiffike bai ɓace ba.

6. Mene ne amfanin ƙafa cikin ruwa?

Da can masana suna cewa fari ne ya fitar da kifi tudu. Wai tafki ya ƙafe, kifi ya ja jiki zuwa wani tafki, mai ƙarfin fiffike ya tsira. Wanda ya san tafkunan Sahel zai ga maganar ta yi kama da gaskiya. Amma Akantostega ta gyara ta. Tun da ga dabba mai yatsu wadda ba ta iya tafiya a tudu, to ƙafa cikin ruwa ta fara aiki.

A zamanin Debon itatuwa na farko suka tsiro a bakin koguna. Ganyaye da rassa suka riƙa zuba cikin ruwa marar zurfi. A irin wannan wuri iyo yana da wuya. Mai iya dafa ƙasa, ya ratsa tsakanin saiwoyi, ya laɓe ya jira abinci, shi ke cin riba. Ruwan kuma yana da zafi, ganye yana ruɓewa a ciki, iskar shaƙa ta yi ƙaranci. Mai huhu, mai iya ɗaga kai sama ya shaƙi iska, shi ke rayuwa. Manyan kifaye masu cin ƴan'uwansu ba sa iya biyo shi can. A tudu kuwa, kunamu da shanshani da ƙananan ƙwari sun riga sun yawaita, ga abinci ba mai ci.

Sauyin bai faru a jikin kifi ɗaya ba. Babu kifin da ya kwana da fiffike ya tashi da ƙafa. Ƴaƴa sukan ɗan bambanta da iyayensu. Wanda bambancinsa ya taimake shi, ya fi daɗewa, ya fi barin zuriya. Ƙananan bambance-bambancen nan ne suka taru cikin miliyoyin shekaru.

Bincike bai ƙare ba. A 2010 an bayyana wasu sawaye a wani wurin fasa dutse a ƙasar Polan. Shekarunsu wajen miliyon 390 ne, sun girmi Tiktalik. Idan sawun masu ƙafa huɗu ne, to ƙafa ta riga lokacin da ake tsammani. A 2018 kuma an sami ƙasusuwan masu ƙafa huɗu iri biyu na ƙarshen Debon a Afirka ta Kudu. Ɗaya an sa masa suna Tutusius don girmama Desmond Tutu.

7. Abin da ƙasar Nijar ta ajiye

Arewa da Damargu akwai ƙasar Tagama. A gabashinta, kudu maso gabas da Agadas, akwai wani wuri mai suna Gadufawa. Yau rairayi ne da iska. Amma shekaru wajen miliyon 110 da suka wuce, manyan koguna ne ke gudu a wurin. Masu neman yuraniyom suka ga ƙasusuwa a warwatse bisa ƙasa. A 1965 wani masani ɗan Faransa, Philippe Taquet, ya fara aiki a can. Daga Gadufawa aka samo dinozor mai suna Uranozor, wanda aka kafa ƙwarangwal ɗinsa a gidan kayan tarihi na ƙasa a Yamai. Daga can kuma aka samo Sarkosukus, kada mai tsawon wajen meta 10.

A cikin waɗannan duwatsu akwai masu fiffiken tsoka. A 1975 wata masaniya ƴar Faransa, Sylvie Wenz, ta bayyana ƙasusuwan kan wani selakant na ruwan daɗi daga Gadufawa. Ta sa masa suna *Mawsonia tegamensis*, wato Mawsoniya ta Tagama. An fara sanin Mawsoniya a ƙasar Brezil tun 1907. Yaya kifin kogi ya kasance a Nijar da Brezil, ga teku a tsakani? A wancan zamani Afirka da Amurka ta Kudu ba su gama rabuwa ba.

Ana kuma tsintar haƙoran dangin gaiwa a Gadufawa da wajen dutsen Tigidit. Haƙorin gaiwa faranti ne mai tudu-tudu, na murƙushe dodon koɗi. Yana da tauri, shi ya sa ya fi sauran jikinta daɗewa.

Kusa da Arlit akwai duwatsun da suka girmi na Gadufawa, masu shekaru fiye da miliyon 250. A cikinsu aka sami kawunan wasu manyan dabbobi masu zama a ruwa da tudu, dangin kwaɗi na nesa. A 2005 aka ba su suna Nigerpeton da Saharastega. Ko a Damargu, wajen Tanut, ana tsintar bawon dabbobin teku da ya zama dutse, domin teku ta taɓa rufe wurin.

Kifayen Gadufawa ba su ne kakannin dabbobin tudu ba. Sun zo bayan Tiktalik da shekaru fiye da miliyon 250. Dangi ne da suka zauna cikin ruwa.

8. Dangin da suka rage

Masana sun daɗe suna tsammani selakant ya ƙare tare da dinozor, shekaru miliyon 66 da suka wuce. Ranar 22 ga Disamba 1938, masunta suka kamo wani shuɗin kifi a gaɓar Afirka ta Kudu. Marjorie Courtenay-Latimer, mai kula da gidan kayan tarihi na garin Is Landan, ta ga fikafikansa kamar ƙafafu, ta hana a yar da shi. Selakant ne mai rai. An sami na biyu a tsibiran Komoro a 1952, aka kuma sami wani iri a Indonisiya a 1998.

Wane ne ya fi kusa da dabbobin tudu, selakant ko gaiwa? Binciken ƙwayoyin gado da aka yi a 2013 da 2021 ya nuna gaiwa ce. A 2011 kuma, a jami'ar Shikago, an ɗauki hoton gaiwa irin ta Afirka ta Yamma tana tafiya a gindin ruwa. Fikafikanta na baya take kafawa, na dama sannan na hagu, ta ɗaga jikinta. Wannan ba ya nufin gaiwa ce ta haifi kwaɗo ko akuya. Kakansu ne ɗaya, tun fiye da shekaru miliyon 400.

9. Abin kiyayewa

Ƙashin dutse ba ya tsirowa. Idan aka fasa shi, ko aka sayar wa baƙo ya fita da shi, ya tafi ke nan. Idan ma aka ɗauke shi daga wurinsa ba a rubuta inda yake ba, an ɓata rabin amfaninsa, domin shimfiɗar dutsen ce ke faɗin shekarunsa. Dokar 1997 ta Nijar ta kare irin wannan dukiya. Wanda ya tsinci ƙashin dutse, ya bar shi a wurinsa, ya gaya wa malami ko mai gari, su sanar da hukuma.

Gaiwa ma tana bukatar kulawa. Da rani akan tono ta daga laka don miya. Idan aka tone duka, damina za ta zo ta tarar da tafki babu iri. Masunci mai hankali yakan bar wasu.

A riƙe

- Kifaye masu ƙashi gida biyu ne: masu fiffiken tsinke da masu fiffiken tsoka.
- Tsarin hannu da ƙafa shi ne: ƙashi ɗaya, ƙashi biyu, ƙanana da yawa, yatsu.
- Tsarin ya fara cikin fiffiken kifayen zamanin Debon.
- Huhu da yatsu cikin ruwa suka fara aiki.

Tambayoyi

1. Yaya gaiwa take numfashi idan tafki ya ƙafe?
2. Mene ne bambancin fiffiken karfasa da na Estenoteron?
3. Don me kifi ba ya iya waiwaye?
4. Yatsu nawa ne a hannun Akantostega?
5. Yaya aka yi Mawsoniya ta kasance a Nijar da Brezil?
6. Idan shekara ɗaya milimeta ɗaya ce, kilometa nawa ne shekarun Gadufawa?

Aiki

Ku kawo ƙasusuwan fiffiken kaza da fiffiken bandar kifi. Ku wanke su, ku shanya, ku jera bisa allo. Ku zana su cikin littafinku kusa da zanen hannunku. Ku shafa ja a ƙashi na farko, shuɗi a ƙasusuwa biyun da ke biye. Ku kuma tambayi wani masunci yadda ake gane ramin gaiwa da rani, ku rubuta amsarsa cikin jimla 5.